Hanyar Ƙwallo da Iyakar Gona

Ran nan da yamma muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai wani ɗan ƙanena ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon wasan ƙwallon dawaki ne, wanda ake ce wa folo, a filin wasan Kano. Dawaki takwas a guje, ƙura ta turnuƙe, mahaya sun sha farin wando da hular kwano, can gefe manyan mutane sun jeru a rumfa. Ya ce, "Baffa, ka ga waɗanda suka more duniya. Mu kuwa daga fartanya sai garma." Kafin in buɗe baki ladan ya kira magariba, muka tashi. Amsar da ban ba shi a ranar ba ita ce wannan, kuma ba shi kaɗai nake nufi ba. Da ku nake, samarin ƙauyukanmu, tun daga Dawakin Tofa da Bichi har Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa.

Bari in fara ba shi gaskiyarsa. Folo wasan masu hali ne. Zango ɗaya na wasan minti bakwai ne kacal, amma gudun da doki ke sha a cikinsa ya isa a sauke masa sirdi a kawo wani. Ke nan mai son ya buga wasa ɗaya sai ya tanadi dawaki uku ko huɗu, wani ma fiye, kowanne da harawarsa da dusarsa da kanwarsa da mai kula da shi. Filin kansa yadi 300 ne a tsawo, 160 a faɗi, wajen eka goma. Ku dubi gonakinmu na nan, inda rabon gado ya yayyanka ƙasa har magidanci mai 'ya'ya takwas yakan rasa abin da ya kai eka biyu, sannan ku faɗa mini wa zai bar eka goma ba shuka don a yi sukuwa a kai. Ba zan ruɗe ku da cewa kowa ya dage zai yi folo ba. Yawancinku ba za ku yi ba, ni ma ban yi ba. Sau biyu na taɓa kallonsa ido da ido, duka biyun kuma a tsaye nake a bayan igiya.

Turawa ne suka kawo wasan ƙasar nan, suka kafa kulob ɗinsa a Legas a 1904. Gidan da ya mai da shi namu kuwa shi ne na Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Dikko mutum ne mai son doki da son ganin duniya. Ya je aikin hajji, ya je Ingila, a zamanin da sarakuna ba sa yin nisa da gida. Shi ya sa aka yi fili a Katsina, 'ya'yansa da yaransa suka koyi wasan, har suka riƙa cin Turawan da suka kawo shi. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi ya riƙe Katsina har 1981, shi ne gwanin gwanaye. Ana auna ƙwarewar ɗan folo da maki, goma ce ƙarshe, kuma a duniya kaf 'yan ƙalilan ke kai ta. Nagogo ya kai bakwai, har yau da shi ake misali. 'Ya'yansa ma sun riƙe sandar: Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, da Sarki Muhammadu Kabir Usman.

A can ƙasashen waje, ba sau ɗaya ba za ka tarar ɗan folo da jakada mutum guda ne. Akwai wani Ba'amurke mai suna Averell Harriman, an haife shi a 1891 a gidan attajirin da ke riƙe da manyan layukan jirgin ƙasa na Amurka. Ya kai maki takwas a folo, yana cikin waɗanda suka buga wa Amurka a karawarta da Ajantina a 1928. Shi aka tura Mosko jakada daga 1943 zuwa 1946, yaƙin duniya na biyu yana tsaka da ci, ya riƙa zama da Stalin, mutumin da ba a yi masa gardama a kwana lafiya. A 1963, yana da shekara 71, aka sake tura shi Mosko, ya jagoranci ɓangaren Amurka a zaman da aka ƙulla yarjejeniyar daina gwajin makaman nukiliya a sararin sama da ƙarƙashin ruwa. Abokan aikinsa Kada suke ce masa, wai don a wurin taro yakan lumshe ido kamar mai gyangyaɗi, sai wani ya yi ɓaranɓarama ya cafke shi.

To me ya haɗa sirdi da kujerar jakada? Rabin amsar kuɗi ne da gata, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Ɗaya rabin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mai kallo daga nesa zai zaci folo rugugi ne kawai, wanda dokinsa ya fi ƙarfi shi ke tafiya da ƙwallo. Babbar dokar wasan, wadda yawancin busar alƙali a kanta take, ita ce dokar hanya. Duk sa'ad da aka bugi ƙwallo, inda ta biyo da inda ta dosa ya zama hanya, ko da yake ba wanda ya ja layi a ƙasa. Mahayin da ke biye da wannan hanya shi ke da ita. Kai da ka ɓullo daga gefe, komai saurin dokinka, ba ka da ikon gitta masa. An yarda ka jera da shi, kafaɗar dokinka a kafaɗar nasa, ka yi ta matsa shi har ka ture shi daga hanyar. An yarda ka sa sandarka ka maƙale tasa daidai lokacin da zai buga. Amma ka ratsa ta gabansa, wannan kam a'a. Dalilin a fili yake: doki biyu a guje in suka haɗu a gicciye, an bar maganar cin wasa, sai ta mai ɗori ko ta likkafani. Don haka ne ma aka ce kowa da hannun dama zai riƙe sanda, bahago ma dole ya koya. Sarki kamar Nagogo, wanda in ya fito fada ake zubewa ana gaisuwa, in ya shiga fili ya gitta wa ɗan talaka, usur za a busa masa.

Sai kuma hannun hagu, mai riƙe da linzami. Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san wanda ake fizgar bakinsa kullum, bakin mutuwa yake yi, ya daina jin linzami, ranar da aka fi bukatar ya tsaya ranar zai ƙi tsayawa. Gwani da ɗan motsin yatsa da matsin gwiwa yake juya dokinsa. Kaimi na nan a dugadugansa, bulala na nan, amma in ka ga mahayi yana yawan kai musu, ka san ɗan koyo ne.

Sanin hanyar wani da sassaucin hannu, jarin jakada ke nan, kuma ba sai kana da barga za ka mallake su ba. Kalmar jakada ma ba baƙuwa ba ce a wurin kakanninmu. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, hakimai a birni suke zaune, garuruwan da ke hannunsu a warwatse. Jakada shi ne ƙafar hakimi: ya kawo wa dagaci saƙo, ya tattara haraji, ya koma da gaisuwa ko da kuka. Manomi bai cika murna da ganinsa ba, don shi da dokinsa duk a wuyan gari suke sauka. Duk da haka gari ya san bambancin jakadan kirki da na banza. Na banza shi ne mai zuba wa saƙo barkono a zuwa, ya ƙara masa a dawowa, har ya haɗa hakimi da talakawansa faɗa don aljihunsa ya cika.

Cikin jakadun da Kano ta ba Nijeriya, biyu ya kamata ku riƙe labarinsu. Alhaji Ado Bayero, wanda aka haifa a 1930, ya yi Wakilin Doka, wato shugaban 'yan sandan En'e na Kano, sannan aka tura shi Senegal jakada. Yana can aka kira shi gida a 1963, yana ɗan shekara 33, gari ba daɗi: Sarki Sanusi ya sauka daga gadon sarauta, Sarki Inuwa da ya gaje shi ya rasu cikin 'yan watanni. Aka naɗa shi sarki, ya riƙe Kano har zuwa watan Yuni na 2014. Ku ƙirga gwamnonin da ya zauna da su, masu kaki da masu babbar riga, masu ƙaunarsa da waɗanda ba sa ƙaunarsa, har da gwamnatin da ta aika masa da takardar tuhuma a 1981. Duk suka zo suka wuce yana nan. Wanda ya taɓa ganinsa a hawan sallah zai tuna yadda yake zama a kan doki, bindigogi na tashi, kakaki na ruri, shi kuwa ko gezau, linzami a hannunsa kamar ba a riƙe yake ba. Ni a ganina da hannun nan ya riƙe gari.

Za ku ce ai shi ɗan sarki ne. To ga Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Mahaifinsa bara ne a gidan Madakin Kano Mahmudu, sarautar da muka sani da riƙon Dawakin Tofa, wadda asalinta ma shugabancin mayaƙan dawaki ne. Madakin ne ya sa shi makarantar Shahuci. Ya yi malanta, ya shiga majalisa, ya riƙe ministan ma'adinai da lantarki a jamhuriya ta farko, a zamanin Shagari kuma ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Bai gaji doki ba, bai gaji rawani ba. Harshe ya horar, Hausa da Turanci, har ya zamana in ya miƙe zai yi magana abokin gaba ma gyara zama yake yi. Bai taɓa ɓoye asalinsa ba, da bakinsa yake faɗa a gaban manya. Ya rasu a Alƙahira a watan Yuli na 2017.

Amma jakadan da na fi ɗaukar karatu a wurinsa bai taɓa shiga jirgin sama ba. Wani dattijo ne a ƙauyenmu, aminin mahaifina, wanda a ƙuruciyarsa ya yi wa wani hakimi kiwon dawaki. Mu duka Baba muke ce masa. Wata shekara ana huɗa, 'ya'yan maƙwabcinmu na gona suka sa garmar shanu suka cinye jerin gambar da ke tsakaninmu, suka haɗa da kunya biyu daga cikin tamu. Kunya biyu! Wanda bai tashi a nan ba dariya zai yi. Amma a ƙasar da ba a barin gona ta huta, inda iyayenmu suka yi ta jigilar taki daga birni a mangalar jaki don dai ƙasa ta ci gaba da ba da gero, kunya biyu daga wannan kai zuwa wancan damin hatsi ne, kuma in ka yi shiru bana, baɗi nan ce iyaka. Yayana ya hau dokin zuciya, ya saɓi gatari. Mahaifina ya daka masa tsawa, ya aika a kira Baba.

Baba bai taka gonar ba a ranar. Ya bari sai bayan isha'i, ya tafi gidan maƙwabcin shi kaɗai, ba ɗan rakiya. Da ya dawo ya ce wa mahaifina, "Malam, mutumin nan yana ganin girmanka. Ransa ne dai a ɓace kan awakinka da suka shiga masa rogo bara." Mahaifina ya ce, "Ai na ba shi haƙuri tun a lokacin." Baba ya ce, "Ka ba shi a kasuwa, a tsaye. Ba ka taka zaurensa ba." Dare uku yana wannan zirga-zirga. A rana ta huɗu bayan asuba suka fita su uku rak. Da suka isa, Baba bai nuna komai da hannunsa ba. Ya dubi maƙwabcin ya ce, "Alhaji, idona ya yi rauni, kai ka fi mu riƙe abu. Ina ne ma kututturen ɗorawar nan da iyayenmu suke kwatance da shi?" Mutumin ya taka da ƙafarsa ya nuna, kuma inda ya nuna ɗin ya tabbatar kunyoyin namu ne. Ya yi jim, sannan ya ce, "Yaran nan ba su iya riƙon shanu ba, sun bar su sun karkace." Baba ya ce, "Haka ne, shanun bana ba su gama horuwa ba." Shi ke nan. Aka ɗora wa shanu laifi, aka sake dasa gamba, da kaka mahaifina ya aika masa da harawa dami biyu.

Sai bayan rasuwar mahaifina Baba ya gaya mini irin kalaman da mutumin ya furta a daren farko. Da ya kawo ko rabinsu gidanmu, da jini ya zuba. Na ce, "Baba, ashe ɓoye mana ka yi." Ya ce, "Ɗana, gona aka aike ni in karɓo, ba zagi ba."

Ku lura da kyau, don kada wani ya ce tsoro nake koya muku. Kunyoyin nan sun dawo, ko taki ɗaya ba mu bari ba. Baba ya jera da mutumin kafaɗa da kafaɗa, ya yi ta matsa shi har ya ture shi daga kan abin da ba nasa ba. Abin da bai yi ba shi ne gitta masa. Mutuncinsa a gaban 'ya'yansa da mutanen gari, wannan hanyarsa ce, Baba ya bar masa ita. Shi ya sa ya je da dare, shi ya sa bai tara jama'a ba, shi ya sa ya miƙa masa shanu ya rataya musu laifin. Da an ƙure shi a bainar jama'a, da ya hau dokin naƙi, da har yau jikokinmu da nasa suna sintiri a kotu, kuɗin mota da na lauya sun cinye gonakin biyu.

Abin da ke ba ni tsoro a zamaninku shi ne kun sami sabon jakada, kuma na banza ne. Waya ba ta tace magana. Mutum ya faɗi abu cikin fushi da tsakar dare, ɗayanku ya naɗi muryar ya tura wa wanda aka zaga, wani ya watsa ta a zauren WhatsApp na gari, kafin gari ya waye 'yan uwa na Legas da na Abuja duk sun saurara. Daga nan ina za a sami shanun da za a ɗora wa laifi? Kowa ya ji da kunnensa, ja da baya ya zama abin kunya. Na ga zumuncin da ya girmi iyayenku ya tsinke a kan murya ta minti ɗaya. Wanda ya tura ta zai ce ai shi bai ƙara komai ba, gaskiya ya isar. Ni kuwa na ce aikin da jakadan banza yake yi da bakinsa shi ya yi da babban yatsansa.

Haka maganar burtali. Burtali hanyar makiyayi ce, tun kafin a haife mu aka shata ta, aka dasa mata aguwa gefe da gefe. Manomin da ke ɗan gutsurar ta kowace damina har ta koma kamar hanyar tururuwa, ya gitta. Makiyayin da ya saki shanu cikin gona wake bai gama tashi ba, shi ma ya gitta. Mun ga lokacin da mai gona ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa da rani, shanu su ci kara su bar taki, har a haɗa masa da ɗan hatsi. Mutanen nan ba su canja halitta ba, ƙasa ce ta yi mana kaɗan, masu shiga tsakani kuma suka ƙaranta. Ba na musun cewa akwai wanda ba ya jin lallashi. Saboda irinsa aka ajiye mai usur: mai unguwa, dagaci, hakimi, in ta ƙi a je gaban alƙali. A folo wanda aka gitta wa ba ya juya sanda ya rafka wa abokin karawarsa. Hukunci na alƙalin wasa ne.

In kuwa akwai mai burin jakadanci na sosai a cikinku, da tuta a gaban mota, ba zan ce ya fi ƙarfinsa ba, tun da Ɗanmasani ya yi. Ƙofarsa karatu ce da harsuna. Titin da ya ratsa Ɗambatta ya bi ta Kazaure da Daura, ƙarshensa Damagaram ne, inda takardun hukuma da Faransanci suke. Ku shiga kasuwar Dawanau ranar da ta cika ku saurari bakunan da ake ciniki da su, fatake daga Nijar da Cadi da Kamaru, ku ga yadda dillali mai harshe biyu ke cin abinci a inda mai harshe ɗaya ke zare ido. Larabcin da kuka faro a makarantar allo kada ku bar shi a Fatiha. Filatanci ma, ko gaisuwa ce da tambayar lafiyar shanu, ku koya. Na sha ganin makiyayi ya sauke sanda daga kafaɗa don kawai an gaishe shi da harshen uwarsa.

Kai kuma ɗana da ka nuna mini bidiyon, ka sake kallonsa, amma wannan karon ka bar kallon rumfa. Ka dubi yadda mahayi ke ja da dokinsa a guje don kada ya ratsa gaban wani, alhali ƙwallo na gabansa. Harawar da dawakin nan suke ci ma, in ka bi sawu, daga irin gonakinmu ake ɗaure ta a kai birni. Damina ta kusa. Kafin a ɗaura wa shanu garma, ka ɗauki mahaifinka ku je zauren maƙwabcinku na gona ku gaishe shi, ku fita tare ku duba gambar da ke tsakaninku, inda ta mutu ku dasa wata da hannuwanku ku duka.